Tagogin Bayan Gidan Lantana

Ranar da aka ce an sayar da filin da ke bayan gidansu a Unguwar Rogo, Lantana har guɗa ta yi. Wa zai ga laifinta? Filin nan ba abin da yake haifa musu sai warin bola da sauro da kukan awakin mutane.

Ashe murna ta yi da wuri. Gini ya tashi, hawa ɗaya, biyu, bai tsaya ba sai da ya kai uku, kuma duk tagoginsa suka buɗe baki a kan tsakar gidanta. A nan take daka, a nan take tsefe kai, a nan take shanya taliyar murji da take sayarwa. Makewayin ma ba shi da rufi, kamar na kowa a layin.

Tun magina na sama ta fara aiki da hijabi. A zafin Sakkwato fa, cikin gidan aurenta! Tana murza taliya gumi na bin bayanta, ta ɗaga kai ta ga wani ƙato yana cin rake a hawa na uku, ya zuba mata ido. Takaici kamar ya kashe ta.

"Malam, ni dai na gaji," ta ce wa mijinta Maccido. "Gidanga ya koma kasuwa. Ko wanka ba ni yi sai da zane ɗaure."

Maccido ya ɗebi dattawan layi suka tafi wurin mai ginin, Alhaji Junaid. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba su ruwan sanyi, ya ce izinin gininsa cikakke ne, amma don darajar maƙwabtaka zai sa baƙin gilashi. Ya kuwa cika alkawari. Yanzu masu haya na ganin Lantana tas, ita ce dai ba ta ganin mai kallonta.

Da Maccido ya rasa yadda zai yi, sai ya shigo da kafinta da kwanon rufi.

"Mi za a yi da wanga kwano?" ta tambaya.

"Ruhe tsakar gidan za mu yi."

"Ka ruhe min rana? Taliyata fa, da mi za ta bushe?"

"Lantana, ginin nan ba shi rushewa don ke. Ko rana ko sutura, guda za ki samu."

Haushinta shi ne gaskiya ya faɗa, kuma ba shi ya jawo ba.

Aka rufe tsakar gida ruf. Washegari ta cire hijabi ta wurgar kan tabarma, ta murza taliyarta da ɗaurin ƙirji yadda ta saba, ta rataya a igiya. Iska ba ta shigowa, kwano ya ɗau zafi, gidan ya zama tanda. La'asar ta yi, ta taɓa taliyar, tana nan jiƙe, har ta fara tsami.

Ta daɗe tsaye tana kallon kwanon. Sannan ta zura hijabi, ta kwashe taliyar a faranti, ta fita bakin titi neman rana, inda duk mai wucewa zai gan ta.