Dankalin Kwali

Kwalin ya wuce ta gefen kunnena, ya daki ƙarfen matakala ya fashe. Wani farin gari kamar gurzajjen sabulu ya watse ko'ina, har cikin kwandon kifin da na hauro da shi daga kasuwa.

"Bi shi ki kwashe!" Muryar maƙwabciyata Khalti Zuhur ce daga cikin gidanta, ƙofa a wangale. "Kai wa 'ya'yanki su ci. Mijina ba zai ci dusa ba ina raye."

Nasira, 'yarta, ta fito bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba tun isowarta. Da ta gan ni sai ta kama hannuna.

"Huriya, don Allah shigo ki yi mata magana. Ke kaɗai take saurara."

"Ni? Yaushe ta fara?" na ce. Amma na ajiye kwandon na bi ta.

Tun ina amarya ƙofata ke kallon tasu, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Annaba, ƙasar Aljeriya. A nan Khalti da Ammi ake kiran manya, kamar a ce Inna da Baffa. Ammi Tahar, mijin Khalti Zuhur, a masana'antar ƙarfe ya ƙare ƙarfinsa. Bara da sanyi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, haɗiya ma ta zama aiki. Likita ya ce kada a ba shi komai sai mai laushi, wanda babu gudaji a ciki. An gwada kunu ya kau da kai, an gwada miyar ganye ya rufe baki. Dakakken dankalin turawa kaɗai yake karɓa. Shi ne rana, shi ne dare.

Na samu Khalti Zuhur zaune a kicin, roba a kan cinya, tana fere. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu kamar saiwar citta, wuƙar ma a tafin hannu take damƙe ta. Ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas.

"Dube ta fa," in ji Nasira. "Likita ya ce zuciyarta ba ta son tsayuwa, ba ta son hawa bene. Amma kullum sai ta sauka kasuwa. Ta fere, ta dafa, ta juya injin niƙan hannun nan har ta yi haki, ta zo ta tace da rariya. Wannan kuwa madara kawai za ki tafasa ki zuba. Duniya duk shi ake ci, Mama."

"Duniya ta ci. Tahar ba duniya ba ne."

"Dankali ne fa, busar da shi kawai aka yi."

"Wa ya fere shi? Kin san shi? Ya wanke hannu?" Ta juyo gare ni. "Huriya, 'yata, ke za ki ba mijinki abin da ba ki ga ɓawonsa ba?"

"Khalti, nawa mijin ko kwalin kika dafa masa zai cinye ya ce a ƙaro."

Ta yi dariya har da tari. Nasira ba ta yi ba.

"To bari Huriya ta riƙa yi miki," ta ce.

"Na ci nata. Allah ya ba ta lada, amma in aka jefi mutum da gudajin da ke ciki sai an kai shi asibiti."

Haka aka tashi ranar. Nasira ta share matakala tana share hawaye, ta kama motar haya ta koma can ƙarshen gari inda take koyarwa. Ranar Juma'a kaɗai take samun zuwa.

Labarin kwalin bai kwana ba sai da ya zaga benen. Matan suka rabu biyu a wajen shanya. Masu aiki suka ce tsohuwar taurin kai ne zai kashe ta, wanda ya dawo gida da yamma a gajiye shi ya san darajar abin kwali. Tsofaffi suka ce yaran yanzu har haihuwa za su so a sayar musu a kanti. Khalti Zuhur ta ji duk, ta kuma ji daɗinsa. Washegari na gan ta tana hawowa da ledar dankali, tana tsayawa a kowace kwana ta dafa bango, leɓɓanta sun yi duhu. Na karɓi ledar.

"Na gonakin garin Mostaganem ne," ta ce tana haki. "Mai tebur ya so ya cusa min na ajiya. Na ce masa tun uwarsa ba ta yi aure ba nake sayen dankali."

Haka aka tafi har bazara ta shigo.

Wata rana da azahar ina wanki na ji ana dukan ƙofata da wani abu mai ƙarfi. Na buɗe. Khalti Zuhur ce, ludayi a hannu, kanta babu ɗankwali. Ban taɓa ganin gashinta ba sai ranar. Bakinta yana motsi, magana ta ƙi fita. Na ture ta na shiga gidanta da gudu.

Ammi Tahar yana jingine da matasai, fuskarsa ta yi baƙi, idanu sun firfito, hannunsa mai lafiya yana yakushin wuyansa. Babu tari, babu numfashi. Na janyo shi gaba, na dinga dukan bayansa da iya ƙarfina. Tsoho ne da ya rame, ina jin ƙasusuwansa a tafina. Ina duka ina salati. Can sai ya yi wani irin kakari, abin ya faɗo a kan tawul ɗin da ke ƙirjinsa, iska ta shiga da ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa.

Ɗan gudajin dankali ne, bai wuce ƙwayar wake ba.

Khalti Zuhur ta matso ta ɗauke shi. Ta sa shi tsakanin yatsu biyu tana son ta murƙushe. Yatsun suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, abin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Ban tace ba," ta ce a hankali. "Hannun ya ƙi riƙe rariyar. Na ce yau ɗaya dai."

"Khalti, ya wuce. Ga shi yana numfashi."

"Na ce yau ɗaya dai," ta sake cewa.

Wani abu ya riga ya gangara masa huhu, don haka zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi ta allurai. Nasira ta ɗauki hutu ta zo ta tare. Ban ji ta ce wa uwarta ai na faɗa miki ba, ko sau ɗaya. Ranar da ya fara neman abinci, ta fito da sabon kwali daga jaka ta ajiye a kan tebur, ta koma gefe ta tsaya. Ina wurin, na kawo musu burodi.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon kwalin.

"Karanta min yadda ake yi," ta ce.

Nasira ta karanta. Aka tafasa madara, aka sauke, aka zuba garin. Khalti Zuhur ta juya da cokali, ta jefa man shanu. Kafin in gama yanka burodin abin ya haɗu, sumul, ba gudaji ko ɗaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

Ita ta kai masa da kanta. Muka tsaya a bakin ƙofa muna kallo. Ya karɓi cokalin farko, ya juya shi a baki, ya haɗiye. Ya buɗe baki. Ammi Tahar da ake lallashi kafin ya ci rabin faranti, ranar sai da ya cinye tas. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ƙwanƙwasa gefen farantin da farce.

"Ƙari yake so," in ji Nasira da murna.

"Kun ga munafuki," in ji Khalti Zuhur tana goge masa baki. "Ashe duk shekarun nan haƙuri kake yi da ni, Tahar? Da ka faɗa ai da na huta."

Muka yi dariya. Ita ma ta yi, amma da ta wuce ni za ta kicin na ga haɓarta tana karkarwa. Nasira ta bi ta.

"Mama, yunwar ciwo ce. Ko kuma don ke yake yi, yana ganin hannunki."

"Na san fuskarsa in abinci ya yi masa daɗi. Tun ba a haife ki ba na san ta."

Har yau ban san wadda ta fi gaskiya a cikinsu ba. Shi kuma ba shi da bakin da zai raba gardamar.

Nasira ta cika kabad da kwalaye ta koma aikinta, hankalinta a kwance. Mu ma muka ce to, yanzu tsohuwa za ta huta. Ta kuwa huta. Ta daina sauka kasuwa. Ta daina zama a baranda da robar fere tana tsokanar masu wucewa. Injin hannun ta wanke shi ta ba wata amarya a hawa na biyu. In na shiga sai in same ta a kujerar kicin, hannuwa a cinya, rediyo a kashe. Abincinta ya koma burodi da ta tsoma a kofi. Kumburin ya haura har gwiwa.

"Khalti, mu je asibiti a duba ki."

"Wa zai juya Tahar a gado in na tafi?"

"Ni. Nasira. Ba mutane a benen nan?"

Ta ce, "Wanka ma'aikacin jinya ke zuwa ya yi masa. Aski ɗanki ke yi masa. Magani kowa zai iya ba shi. Abu ɗaya ya rage wanda sai ni, Huriya. Shi ma na kusa kashe shi da shi."

"Ba ke ba ce, ciwo ne."

"Yana ci dai, ko? Har ya yi kumatu. Alhamdu lillahi." Ta gyara zaman ɗankwalinta. "Je ki, kar abincinki ya ƙone."

Na kira Nasira na faɗa mata. Ta ce ranar Juma'a za ta zo da mota, ko da ɗaukarta za a yi sai an kai ta.

Ranar Laraba da hantsi na ji ƙaurin madara. Na zaci daga ƙasa ne, na ci gaba da shara. Sai na ji wani sauti ta bango, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ya tsayawa. Na ɗauki makullin da suka ba ni ajiya na buɗe.

Hayaƙi ya cika kicin. Madarar ta tafaso ta zube, ta ƙone a gindin tukunya. Khalti Zuhur tana kan kujerarta, kanta jingine da firij, almakashi a cinyarta, ledar garin da ba ta kai ga yankewa ba tana ƙasa. Na kashe gas. Na kira sunanta. Na taɓa wuyanta, da sauran ɗumi, amma babu komai a ciki. Na rufe mata ido, na buɗe taga.

Sautin bai tsaya ba. Ammi Tahar ne yake buga zobensa a ƙarfen gado. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake bugawa. Daga inda yake kwance ba ya hango kicin, ƙaurin kawai yake ji. Na tsaya a bakin ƙofa, na rasa ta inda zan fara. Ya dube ni, ya dubi bayana ko zai ga wata ta biyo ni. Da bai ga kowa ba sai ya sauke hannun a kan bargo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Ammi," na ce.

Washegari bayan azahar za a fitar da ita. Gidan ya cika da mata har matakala, tsofaffin da suka goyi bayanta da ma'aikatan da suka ce taurin kai ne, duk suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Nasira tana falo an rirriƙe ta, muryarta ta dishe. A cikin hayaniyar babu wanda ya tuna cewa Ammi Tahar bai sa komai a cikinsa ba tun jiya, ga maganinsa ba a sha da yunwa. Na shiga kicin na tafasa madara a wata tukunyar.

Na zauna a gefen gadonsa da faranti. An sa masa farar jallabiya duk da ba inda zai je. Na kai cokali bakinsa.

"Daure ka ci, Ammi. Ko kaɗan ne."

Ya buɗe baki ya karɓa. Daidai nan maza suka shigo falo, kukan mata ya tashi. Makara ba ta juyawa a matakalarmu, don haka a cikin bargo suka ɗauke ta. Muna jin su suna cewa a hankali, ɗaga ta wajenka, kula da bango. Suka fara sauka suna kalmar shahada.

Ammi Tahar bai haɗiye ba. Ya riƙe lomar a bakinsa, ya karkata kunnensa mai ji wajen ƙofa. Ƙarar takalman ta sauka hawa na uku, ta sauka na biyu, tana raguwa. Na riƙe cokali na biyu a sama ina jira. Can ƙasa aka rufe ƙofar ƙarfe ta benen.