Murfin Injin Baturen Daji

Ni Labaran maƙerin fari, na ga yunwa, na yi agana na tashi, kuma ban taɓa zama a aji ba. Amma duk ƙasar Birnin Gwari babu hannun da ya san sanholo kamar nawa. Munduwar da na goge, mace kan gyara kwallinta a ciki.

Shekarar da Baturen daji, mai kula da gandun daji, ya kawo mota, direbansa Gambo ya same ni a rumfata ranar kasuwa, riƙe da murfin kan inji na sanholo, duk ya dafe da baƙin mai. Wai maigidansa na so ya yi fes. Sai ya ƙara, a gaban mahauta, da cewa wannan ƙarfen Ingila ne, ba ludayin ƙauye ba.

Na ce, "Gambo, in ba ka ga tsagar fuskarka a cikinsa ba, a daina kirana maƙeri."

Kasuwa ta ji, magana ta zama ta suna.

Na ɗebo lallausan yashin rafi na murje shi, na bi da garin gawayi, na bi da tsumman saƙi, har ya fara kama haske. Ina masallaci, matata Kadijatu ta ce bari ta taimaka, ta jiƙa shi a ruwan kanwa. Na dawo na tarar ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ta ce ai alheri ta nufa. Na jiƙa tsamiya, na koma farko. Fatar yatsuna ta saɓule. Amma da na gama, har furfurar gemuna guda ɗaya na gani a ciki.

Gambo bai jira kasuwa ba. Ya zo da hantsi yana sauri, wai za su Kakangi. Ya duba, ya ga tsagarsa. Na roƙe shi ya bari jama'a su gani, ya ce Bature ba ya jira. Na bi shi har gindin motar, a zatona a goshinta za a kafa shi kowa ya kalla. Sai ya ɗaure shi can cikin cikinta, ya sauke bonet, murfin gaban motar, ya rufe.

Na ce, "To, wa zai gani?"

Ya ce, "Inji."

Kafin kasuwa ta zagayo aka mayar da Baturen Zariya, da motarsa da Gambonsa. Mahauta kuwa, kullum na wuce sai su tambaye ni ina madubi. Na rantse har na gaji. Yau duk suna ƙasa, ni ina nan ina cin tuwona. Kadijatu ma, da ta gan shi da idonta, ta riga ni gidan gaskiya. Yanzu in na ba jikokina labarin, sai su haɗa ido su ce, "Haka ne, Kaka."