Ruwan Jegon Safara'u

Ina tsakiyar tatar awara wayata ta yi ƙara. Malama Radiyya ce, ma'aikaciyar jinyar da ke cikin masu binciken ciwon zuciya a jikin masu jego. Maƙwabciyata Safara'u ba ta da waya, shi ya sa ranar da suka ɗebi jininta a asibiti ta ba su lambata.

Ta yi min bayani yadda zan gane. Wai akwai wani abu da zuciya ke saki cikin jini idan ta gaji, kuma na Safara'u ya haura sosai. A kawo ta Kano yau, a dakatar da wankan ruwan zafi da kunun kanwa.

Ban ko wanke hannu ba na zura hijabi na faɗa gidansu. Tsakar gida duk tururi da ƙamshin ganyen darbejiya. Inna Talatu, mahaifiyarta da ta zo daga Utai don jegon, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunya. Safara'u na zaune kan tabarma ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura suntum. Ashe kwana biyu a zaune take barci.

Na zayyana musu komai. Inna Talatu ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, haihuwa tara na yi, kowacce da wankanta. Kumburin nan sanyi ne, ruwan zafi ke fitar da shi. Su da suka kwashe mata jini a kwalba, me suka bar mata?"

Ba mugunta ba ce, na sani. Tsohuwar nan tun asuba take ɗawainiya da tukunyar. Amma raina ya ɓaci.

Na aika a kira mijinta Haladu daga bakin gada, inda yake sayar da kifi. Ya zo yana sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da surukarsa. Ya ce a bari kasuwar Juma'a ta wuce, Asabar da sassafe sai su tafi. Haladu ke nan, ko gobara ce sai ya ce a bari a ga hali.

Zan fita Safara'u ta riƙo gefen hijabina.

"Yaya Suwaiba," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "ki ce wa Malamar ina zuwa. Kar ta ga kamar na raina ta."

Yinin ranar na kasa zama. Awarar ta lalace. In shiga, in fito, in leƙa ta katanga. Har mai mota na samo, Inna ta ce ba inda mai ɗanyen jego za ta je da yamma.

Juma'a da hantsi, motocin shanu na ta wucewa kasuwa, na jiyo salatin Inna Talatu. Ko da na shiga, Safara'u na nan a jingine inda na bar ta, jaririn na barci a cinyarta.

Ruwan wankan ranar ya riga ya tafasa. Da mata suka zo yi wa Safara'u wankan gawa, Inna Talatu ce ta sauke tukunyar da kanta. Ta tsame ganyen, ta yi ta sirka ruwan, tana tsoma gwiwar hannu tana gwadawa, kada ya yi mata zafi.