Kwalaben Badaru

Wani dare a shekara ta shida da samun mulkin kai, na ji ƙara daga wajen filin lakwal, wato makaranta, tar-tar-tar, kamar ana gurza ƙashi a kan dutse. Ni mutum ne mai son abin mamaki. A ɗakina akwai akwati da nake tara irinsu: ƙahon rago mai rassa uku, kuɗin Jamus da na tsinta a bakin kogin Kwara, da ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa da ɗana Badaru yake yarwa a bayan ɗaki. Saboda haka na ɗauki sandata na bi ƙarar.

Ashe motar sinima ce likitoci suka kawo daga Yamai. An rataya farin ƙyalle a bango, mutanen Gaya sun zauna a ƙasa. Da yake Faransanci ake yi a ciki, an ba Alfari, yaron motar da ya taɓa zama a Kwatano, ya riƙa fassara. Al'adar masu fassara ce su laƙaba wa mutanen sinima sunayen 'yan gari don a yi dariya. Ɗan kasuwa mai tumbi ya zama Yusufu mai gishiri. Da wani saurayi ya fito yana ɗaukar buhuna, Alfari ya ce, "Wannan kuma Badaru ne."

Aka yi dariya, har da ni. Badaru nawa shekararsa goma sha shida, yana loda kamiyo, manyan motocin kaya, a bakin gada, kuma ina alfahari da shi. Nakan ce wa mutane Allah ya ba ni ɗa wanda barci ba ya kayarwa, kwana uku yana aiki ido biyu.

Saurayin nan na cikin sinima ya ɓuya bayan mota, ya zaro kwalba daga aljihu. Aka matso da ita har ta cika ƙyallen. Na san murfin, na san jan zanen da ke jikin takardar. Irinta ce cike da akwatina. Karatuna bai kai in karanta rubutun ba, kyanta kawai ya sa nake ajiyewa.

Ya haɗiye ƙwaya biyu. Daga nan dariya ta ragu. Muka ga ya rame, yana cizon haƙora, yana duka bango wai ƙwari na bin sa. Ya ture uwarsa ta faɗi. A ƙarshe aka same shi kwance a kwata, wani ya rufe shi da zane har kai. Alfari ya daina kiran sunan tun tsakiya, yana cewa "yaron" kawai.

Da aka kashe inji na tare shi. "Ɗana, me ya sa ka zaɓi sunan nan?"

Ya ci gaba da naɗe waya, bai dube ni ba. "Baba, wanda ya zo bakina ne."

"Na Yusufu ma haka ya zo?"

"Shi ai tumbin ya nuna shi," in ji shi.

Na kama hanya na isa gida. Na tarar da Badaru yana sharar tsakar gida cikin duhu, wurin da ya riga ya share. Uwarsa Zuliha na zaune bakin ƙofa tana kallonsa.

"Ka kwanta mana," na ce.

"Ban gaji ba, Baba." Na ɗaga fitila. Idanunsa a buɗe tar, muƙamuƙinsa yana motsi ba abinci a baki.

Maƙwabciyarmu Salamatu, wadda ita ma daga filin take, ta leƙo ta saman zana.

"Malam Na'Allah, kai da ka san irin waɗannan abubuwa. Yaron nan da suka rufe da zane, ya tashi daga baya?"