Kwalbar Maganin Hawan Jini

Tun da barci ya ƙaurace wa Madhat, kowa a layinsu na Damanhur, a ƙasar Masar, ya zama likita. Mai aski ya ce ya riƙa cin latas bayan isha'i. Ƙanwarsa ta aiko da busassun ganyaye a leda, matarsa Nagat kuwa ta yi ta ɗura masa madara da zuma har ya fara ƙyamar ganin saniya. Ya ci, ya sha, an yi masa tofi, amma idonsa biyu har kiran assalatu. Da rana kuma sai ya zauna jugum, ko amsa gaisuwa nauyi take yi masa. Mutum ya ajiye aikin jirgin ƙasa don ya huta, hutun ya zame masa azaba.

Da abin ya ishe shi, ya hau jirgi ya tafi Iskandariyya, inda ba wanda ya san gidansu, ya ga likitar ƙwaƙwalwa. Ta saurare shi tsaf, ta ce ciwon damuwa ne ya kama shi, shi ke kore masa barci. Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kafin kwanciya, ta ce sai maganin ya ɗan jima a jiki kafin ya ga canji sosai, kuma kada ya daina gaban kansa.

Nagat ta karanta kwalin, ta dafe ƙirji. Dangin wani yaro Wa'il na shirin zuwa neman auren 'yarsu Shaima, su kuwa mutanen garin nan ba sa taka gidan yarinya sai sun bincika asirinta wajen mai kemis da mai kayan miya.

"Ka rasa lokacin da za ka haukace sai yanzu, Abu Shaima?"

Ya ce ba hauka ba ne. Ta ce ita ta sani, shi ma ya sani, amma ya je ya fahimtar da uwar yaron in zai iya. Ta ƙone kwalin, ta juye ƙwayoyin a tsohuwar kwalbar maganin hawan jini, ta ajiye a kan firji. Hawan jini ai ciwon mutunci ne, har alfahari manya ke yi da shi. Ko Shaima ba a gaya wa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar baƙin suka iso. Uban yaron, Alhaji Sabri, ƙaton mutum ne, ga gidan a saman bene babu na'urar hawa, ya shigo yana haki. Matarsa Hajiya Fikriyya ta yi masa faɗan barin maganinsa a gida, ta leƙa kicin ta tambayi Shaima ko suna da na hawan jini. A garin nan tambayar magani a gidan mutane kamar tambayar gishiri ce. Shaima ta ɗauko na kan firji da murnarta. Madhat yana ɗaki yana neman hoton ranar ritayarsa da zai nuna wa baƙi, ya fito ya tarar Alhaji ya riga ya kora da lemo.

Madhat ya dubi Nagat, ta zare masa ido, ta tura wa baƙi farantin kek.

Aka yi ta hira, daga tsadar gidaje zuwa ƙwallo, aka taɓo batun sarƙar zinariyar amarya. Alhaji ya fara jan magana, ya gyara zama zai buɗe bakin neman aure a karanta Fatiha, sai kansa ya langaɓe a kafaɗar ɗansa. Ba a jima ba ya kama minshari. Madhat ya tsura masa ido, takaici kamar ya shaƙe shi. Shi yana shan abin nan kullum, da ƙyar yake samun ɗan runtsawa, ga wani ya haɗiyi ɗaya tak ya mimmiƙe a kujerarsa tun rana ba ta faɗi ba.

Hajiya Fikriyya ta fara salati, ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, haka ta fara wa yayansa. Aka yayyafa masa ruwa, ya buɗe ido ya yi murmushi ya koma. Wa'il ya rikice, ya ce jinin ne bai sauka ba, ya zazzago ƙwaya biyu a tafin hannu, ya ce a buɗe bakin Baba.

Nagat ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur. Ya san abin da take nufi, ya kuma san abin da maganar za ta jawo wa 'yarsa. Amma ba zai zauna a ɗura wa dattijo abin da ba nasa ba. Ya miƙe ya riƙe hannun yaron.

"Kada ka ba shi, ɗana. Ba na hawan jini ba ne. Nawa ne, likitar ƙwaƙwalwa ta ba ni, ciwon damuwa nake fama da shi. Barci yake sa wa, amma ku kai shi a auna jininsa."

Alhaji ya ci gaba da minsharinsa. Nagat ta fara kame-kame, wai gajiya ce kawai, wai likitocin yanzu ba abin da ba sa rubutawa. Ba wanda ya dube ta. Wa'il ya kira maƙwabta biyu suka ciccibi ubansa zuwa mota, batun Fatiha kuwa ba wanda ya sake tayar da shi.

Hajiya Fikriyya ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Ta yi masa fatan sauƙi cikin ladabi, sannan ta ƙare wa Shaima kallo daga sama har ƙasa.

"Ba don komai ba, Malam Madhat, wannan abin gado ne?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya kasa ɗaga kai ya dubi 'yarsa.

"Idan gado ne, Hajiya, ai ubana ne," in ji Shaima. "Wa zan gada in ba shi ba?"

Ta riƙe mata ƙofa har ta fita, ta rufe a hankali. Sannan ta juyo gare shi, idonta ya kawo ruwa, ta tambaye shi ranar da zai koma wajen likitar, don ta nemi izini a wurin aiki ta raka shi.