Allurar Akwatin Bakari

Duk wanda ya san Hajo matar Tukur zai gaya maka ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Kada ka yi mata sharri, ba ƙiyayya ba ce. Asalinsu Fulani ne da suka zauna a wani ƙauye kusa da Auyo, suka koyi noman shinkafa har Fillancin ya gudu daga bakinsu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Bakari sunansa. Ita kuwa sai dai ta ce "wancan", ta kau da kai kamar ta ga abin da bai dame ta ba.

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara tsirar da benaye a birane, samarin fadama suka riƙa tafiya leburanci. Da Bakari ya dawo daga cin rani na farko, sai ya zo da rediyo mai rigar fata. Bai miƙa mata ba, ina! Ya zauna nesa da ƙofar ɗakinta, ya juya mata baya, ya kama yi wa akuya bayani.

"Kin ga wannan jar allurar? Idan aka murɗa nan, sai ta yi tafiya. Kowane gari da inda muryarsa take zaune, ita allura bi take gida-gida tana sallama. A hankali ake murɗawa, in an yi garaje a wuce mutum yana tsakiyar magana."

Hajo tana tsintar tsakuwa a shinkafa, kunnenta duk yana wajensa. Ya fara cewa, "Sai kuma wannan na gefe," sai ga Iya, uwar mijinta, ta fito da buta. Hajo ta yi farat ta shige ɗaki, don kada a ce ta tsaya sauraron ɗanta. Ragowar karatun akuya ce ta ji shi.

Da kaka ta wuce ya sake tafiya, ya bar akwatin rediyon a gida. Ya ce wa mutanen gida Kaduna ya nufa. Hajo kaɗai ta san ba haka ba ne, don ta ji shi ta bayan zana yana faɗa wa abokinsa Kano za shi, aikin bene ya fi tsoka. Damina ta faɗi bai dawo ba. Kogi ya cika ya malale fadama, ƙauyen ya koma tsibiri, Tukur kuma ya kora shanu tudu wajen Birniwa.

Wata ranar kasuwa Yakaka mai bandar kifi ta dawo daga Haɗeja, ta shigo gidan tun ba ta sauke kwando ba.

"Iya, na ji cigiya a rediyon mai shayi, tashar Kano. Wai wani saurayi ya faɗo daga bene, yana kwance asibiti, ba ya magana, Auyo kawai aka ji ya ce. Suna neman danginsa. Wata mota ta zo ta cika mini kunne, ban ji kamanninsa ba. Mai shayin ya ce kullum bayan la'asar ake maimaitawa."

"Allah ya kai danginsa," in ji Iya. "Namu dai yana Kaduna."

Shu'ibu ƙanin Tukur yana bakin zaure yana ɗinkin tarun kamun kifi, kwale-kwalensa na ɗaure a bayan gida. Kalma ɗaya daga bakin Hajo ta isa ya tura kwale-kwalen ruwa, ya je ya kama motar Kano. Maganar ta taso wa Hajo har maƙogwaro. To, amma ta ce me? Ta ce ta laɓe tana sauraron ɗan fari? Ta ce hankalinta ya tashi a kansa, a gaban suruka? Sai ta ce a ranta bari ta fara ji da kunnenta, in shi ne ta san yadda za ta yi. Wallahi tsoro ne ya cika ta, amma ko a fuska.

Bayan la'asar, da Iya ta fita maƙwabta, ta jawo akwatin ta kunna. Shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Ta murɗa a hankali yadda aka koya wa akuya. Wani ya fito yana Larabci, ya nutse. Wata mata ta yi ta zuba yaren Nasara. Sai fito, sai ƙara mai tsinka kunne, sai kiɗan da ba ta taɓa ji ba. Ta kai allurar bango, ta dawo da ita ɗaya bangon. Har Hausa ta samu, ta zabura, ashe daga wata ƙasa ce can, ana labarin yaƙin mutanen da ba ta san su ba. Duniya kaf ta shigo ɗakinta, Kano da ke nan kusa ta ƙi zuwa.

Haka ta yi ta yi kwana da kwanaki. Muryoyin suka fara shaƙewa, ta cire batir ta shanya a kan rumbu yadda ta ga maza suna yi, ta ce wa Iya wai kada su yi tsatsa. Tuwo ya daina wuce mata. Sau nawa tana tunkarar Shu'ibu, ta buɗe baki, ta ƙare da tambayarsa ko an kama kifi. Kai, wannan kunya, wani lokacin mugunta ce aka yi mata wanka!

Ran nan tana mayar da batir, rigar fatar ta zame, ta ga wani ɗan baƙin harshe a gefen akwatin. Nan take ta tuna: sai kuma wannan na gefe. Ta tura shi ƙasa da farce, ya ce ƙas. Larabawa da Nasara suka ɓace gaba ɗaya. Ashe akwatin hanya biyu gare shi, ɗaya ta ƙasashen nesa, ɗaya ta na kusa, ita kuwa duk kwanakin nan a ta nesa take yawo. Ta murɗa. Shiru, shiru, sai wata murya siririya kamar daga rijiya. Ta ɗaga akwatin don ta kai kunne, da ya juya sai muryar ta ƙaru. Ta ci gaba da juya shi a hannu har maganar ta fito tar, Hausar Kano sak.

An yi cigiyar jaki. An yi ta wata tsohuwa da ta ɓata a tasha. Sannan mai sanarwa ya gyara murya.

"Saurayin nan da muka daɗe muna cigiyar danginsa, mutumin wajen Auyo, dogo, fari, mai tabon ƙuna kamar tafin hannu a kafaɗar hagu, Allah ya yi masa rasuwa jiya da hantsi. Da ba a samu kowa nasa ba, abokan aikinsa sun yi masa sutura. Allah ya jiƙansa."

Ta san tabon. Yana rarrafe ya nufi murhu, tana gani, dangin miji cike da tsakar gida, ta jira wani ya ɗauke shi.

Jiya da hantsi. Ashe ranar da Yakaka ta shigo da kwando yana da rai, da washegari, da duk ranakun da ta yi tana tambayar kifi.

Ta kashe akwatin, ta mayar masa da rigarsa, ta fito. Iya ta dawo, tana zaune tana taunar goro. Hajo ta durƙusa nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Iya, a aika tudu a kira mai gida. Wancan ba zai zo girbi ba. An binne shi a Kano."

Iya ta kurma ihu ta zube. Mata suka yi ta shigowa ta kowace kafa, suka rirriƙe tsohuwar suna salati, suna ba ta haƙuri. Ba wadda ta nufi Hajo, don ba a kunyata uwa da gaisuwar ɗan fari a bainar jama'a. Ta tsaya ta dube su, ta ga gidan ya cika, ba a ɗora komai ba. Ta ɗauki babbar tukunya ta nufi murhu.