Abin Da Ba A Saya Wa Kai

Shekara biyu shagon Dobrinka na intanet yana nan shiru kamar an shuka dusa. A kicin ɗinta da ke Troyan take murɗa ulu ja da fari, ta yi martenitsa, abin da ake ɗaura wa juna a hannu ran ɗaya ga Maris don lafiyar shekara. 'Yarta tilo, Nevena, mai aikin kula da tsofaffi a Jamus, ita ta buɗe shagon, ita ke ɗora hotuna da amsa wa masu saye. Ta kuma yi alkawari da bakinta: ranar da shagon ya isa ya ciyar da mutum biyu, za ta tattara ta dawo gida. Kwantiraginta a Fabrairu zai ƙare. Dobrinka ba ta taɓa cewa tana jiran ranar ba, sai dai duk sati sai ta shanya bargon ɗakin Nevena.

Ana tsakiyar Nuwamba Nevena ta kira, muryarta har rawa take don murna. Wai wani babban shafi mai zaɓo kayan masu sana'ar hannu ya fitar da jerin kayan ado goma, ja da fari, na ratayawa a bishiyar Kirsimeti, kuma nasu ne na uku. Tun safe mutane ke ta saye.

Dobrinka ta ajiye kofin kofinta. Bishiyar me? Kai, duniya ina za ki da mu! Abin da ake sawa a Maris, a yi ta yawo da shi har a ga shamuwar farko, sannan a kwance a ɗaura wa itacen da ke fure, shi za a rataya wa itacen da aka sare aka jingina a falo yana mutuwa? Don kawai wata mai zaɓe ta ga ja ta ga fari?

"Mamo, don Allah," in ji Nevena. "Ko a wuyan kare za su rataya, ba ruwanmu. Zan turo miki adireshi, ke dai ki naɗe ki kai gidan waya."

Ta haɗiye maganar bishiyar, da ƙyar. Wanda ya ƙi haɗiyuwa shi ne da ta tambaya wa kowannensu zai ba, Nevena ta ce ai kansu suka saya wa. Kansu! Ko yaron goye a Troyan ya san martenitsa ba a saya wa kai. Ba ka ake yi. Wadda ka saya wa kanka zare ne kawai, ba lafiya a cikinta ko ta sisin kwabo. Ashe ita, Dobrinka, da furfurarta, za ta zauna ta cuci bayin Allah, ta tura musu fanko?

Kwana biyu abin yana cin ta, sai dabara ta faɗo mata, kuma har ga Allah ta yaba wa kanta. Ta baza takardun adireshi a tebur. Martenitsa mai 'yan tsanan ulu biyu da wata mata a Lyon ta saya, ta liƙa musu adireshin wani mutum a Oslo. Munduwa mai dutsen azurfa ta mutumin Oslo ta tafi Porto. Haka ta bi su kaf, ba wanda ya sami abin da ya zaɓa, a kowane ƙunshi ta rubuta sunan wanda kyautar ta fito daga hannunsa. Ta kai gidan waya, ta dawo ta gasa banitsa, burodin nan nasu mai cuku, ta ci da annashuwa.

Garin gyaran gira aka rasa ido. Kafin sati biyu ƙorafi ya yi ta zuba. Matar Lyon ta turo hoton abin da ya zo mata tana tambaya wane ne wannan mutumin, kuma wa ya ba shi adireshinta. Shafin ya cire su daga jerin, ya maye gurbinsu da wasu ƙwallayen auduga. Kasuwar intanet ɗin da shagon ke ciki ta rufe shi sai ta gama bincike.

Nevena ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ƙona wa Dobrinka rai ke nan. Ta saurari bayanin har ƙarshe, da shamuwa da komai, sannan ta ce, "Shekara biyu, Mamo. Bayan na gama wanke tsofaffin mutane nake zama in yi wannan aikin." Ta kashe wayar.

Dobrinka ta yi ta faɗa ita kaɗai, da tukwane, da kyanwa, da maƙwabciyarta Zlatka. Ita ce ma mai laifi? Ta yi wa mutane alheri an saka mata da tsiya. Amma in ta wuce ƙofar ɗakin Nevena sai ta kau da kai, don ta san abin da ta ɓata, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ran ɗaya ga Maris ta ɗaura wa rabin unguwa, su ma suka ɗaɗɗaura mata. Da hantsi ɗan aike ya kawo ƙaramin ƙunshi daga Jamus. Ta gane aikin hannunta tun kafin ta gama buɗewa: munduwar nan ce mai dutsen azurfa, wadda aka mayar wa Nevena daga Porto. Da 'yar takarda a ciki.

"Ba ke kika saya ba, don haka tana aiki. Allah ya ba ki lafiya, Mamo. Na sa hannu a kwantiragin wata shekarar."

Dobrinka ta karanta sau biyu. Ta gwada ɗaurawa da hannu ɗaya, zaren yana ta zamewa, ta ja tsaki, ta ce ji yarinyar nan ko ƙullin ba ta sassauta ba. Ta fita da silifas ta miƙa wa Zlatka hannu ta saman shinge don ta ɗaura mata, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Da ta dawo ta kwashe bargon daga igiya, ta ninke ta sa a ƙasan akwati.